Matuƙin da likita ya dakatar, ya sauka daga shugabancin ƙungiya?

Tsohon ɗan ƙwadago, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. An kawo mana magana a zauren nan, wai duk shugaban ƙungiyar matuƙan jirgin sama da ya rasa takardar shaidar lafiyarsa dole ne ya ajiye muƙaminsa. Ni ban yarda ba. Takardar nan mai daraja ta ɗaya da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ke bayarwa ta tuƙi ce. Mutumin da hawan jini ko raunin ido ya hana shi hawa kujerar matuƙi, babu abin da zai hana shi zama gaban masu kamfani ya kare albashi da lokacin hutun abokan aikinsa.

Injiniya, Argungu: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja. Wanda yake tashi shi ya san yadda hazo ke rufe filin jirgin Sir Ahmadu Bello a lokacin hunturu, jirgi ya yi ta shawagi ko ya juya, matuƙi ya sauka a gajiye kuma a neme shi da asuba. Wanda ya daina tashi, a hankali wannan wahalar za ta zame masa labari. Sannan idan ya kira yajin aiki, aikin wasu ne zai shiga haɗari.

Likita, Yawuri: Injiniya, abin da ke tayar mini da hankali shi ne ɓoye ciwo. A ranar 24 ga Maris 2015, mataimakin matuƙin jirgin kamfanin Germanwings na Jamus ya faɗa da jirgi kan tsaunukan Faransa da gangan, mutum 150 suka mutu, daga baya masu bincike suka tarar da takardar hutun rashin lafiya a yage a gidansa, bai taɓa kai ta wurin aiki ba. Matuƙi dama yana tsoron likita, domin ana sabunta takardarsa duk wata 12, idan ya kai shekara 60 kuma duk wata 6, kuma kowane gwaji yana iya raba shi da abincinsa. Idan aka ƙara masa da cewa har kujerar da 'yan'uwansa suka zaɓe shi a kai zai rasa, an ba shi dalili na biyu na yin shiru. Dakatarwa da yawa ma ta ɗan lokaci ce, mutum ya sha magani ya warke a mayar masa da takardarsa.

Lauya, Zuru: Malam Injiniya, ƙungiyar NAAPE ta Najeriya ta haɗa matuƙa da injiniyoyin jirgin sama, kuma ku injiniyoyi ba a neman wannan takarda daga gare ku. Ta yaya za a ɗora wa ɗan takara ɗaya sharaɗin da ba a ɗora wa abokin hamayyarsa ba? Sharaɗi kuma sai an rubuta shi a kundin ƙungiya kafin zaɓe, ba a tsakiyar wa'adi ba.

Injiniya, Argungu: Hajiya, a bar masa shugabancin idan mambobi suna so. Amma kwamitin da ke duba tsaron tashi da gajiyar matuƙa, ina nan a kan bakana, mai tashi ne ya kamata ya riƙe shi. Baba, a wannan ma kana da ja?