Musayar Waƙa Kan Kalmomin Binciken Kimiyya: Tsutsa, Ƙuda da Kwalabe

Malam Mai Alli

Ɗalibai suna kuka da kalmomin darasin bincike, wai sun haddace su amma ba sa zama. Ga baitoci. Wanda ya ga gyara ya mayar da waƙa.

Da sunan Allah nake farawa,
Shi ya ba mu ido da hankalin dubawa.

Ku matso ɗalibai, kalmomin bincike
Ba a san su da hadda, sai da aikatawa.

Ta farko lura: ka zuba ido sosai,
Ka faɗi abin da ka gani, ban da ƙarawa.

Nama in ya kwana a buɗe ya ruɓe,
Sai ka ga tsutsa a kai tana motsawa.

Lura ta tsaya nan, ba ta da sauran zance,
Ina tsutsar ta fito? Tambaya ke biyowa.

Mutanen da, har da masana cikinsu,
Sun ce naman ne da kansa ke haifawa.

Wani likita a Italiya, Faransisko Redi,
Ya ce ƙwan ƙuda ne yake ƙyanƙyashewa.

Amsar wucin gadin nan ita ce hasashe,
Zato mai dalili da ke jiran gwadawa.

Hasashen kirki yakan bar ƙofa a buɗe,
In ƙarya ne, gwaji ya iya kamawa.

A 1668 ya fitar da aikinsa,
Kwalabe da nama a jere don gwadawa.

Wasu ya bar bakinsu a sake,
Wasu ya toshe, babu hanyar shigowa.

Na buɗe suka cika da tsutsa fal,
Na toshe ko ɗaya babu mai rarrafawa.

Ɗan Gardama

Allah gafarta Malam, ina da ja,
Gwajin nan bai kwanta mini a rai ba.

Kwalbar da aka toshe ta hana ƙuda,
Amma iska ma ba ta samu shiga ba.

Wa ya sani ko iska naman ke jira
Kafin ya yi tsutsa, ba ƙuda ba?

An hana abu biyu a lokaci guda,
Ba a san wanne ne mai laifin ba.

Malama Mai Ma'auni

Madalla ƙanena da wannan tambaya,
Redi da kansa ya riga ya hango ta.

Ya sake jera kwalba karo na biyu,
Ya sa ƙyalle shara-shara ya rufe ta.

Iska na shiga, wari na fitowa,
Ƙuda na shawagi, ya kasa ratsa ta.

Ya sauka kan ƙyallen ya zuba ƙwansa,
Tsutsa ta fito a sama, nama bai haife ta.

To abubuwa uku ne a kowane gwaji,
Ɗalibi ya zauna ya rarrabe su.

Akwai abin sauyawa, shi ke hannunka,
A nan ƙudaje ne, a bari ko a tare su.

Akwai abin aunawa, shi kake jira,
Tsutsotsin da suka fito, ka ƙirga su.

Sai waɗanda ake bari daidai wa daida,
Irin nama, zafin ɗaki, kar a taɓa su.

Kwalaben da ke buɗe kuwa, kada ku raina,
Rukunin kwatanci, shi ne sunansu.

Ba don su ba, da an ce wannan naman
Dama ba ya tsutsa ko an buɗe su.

A nan nake son in daɗe, ɗalibaina,
Don wannan rukuni ne ke ɓace musu.

Su zuba taki a tukwane, shuka ta yi kyau,
Su ce aikin taki ne, murna ta cika su.

Ina tukwanen da ba a sa wa komai?
In babu su, da me za a auna su?

Wataƙila ruwa ne, wataƙila rana,
Wataƙila irin ne mai kyau a hannunsu.

Auta 'Yar Aji Uku

Malama na gode, kin haska hanya,
Amma kalmomi uku na rikita ni.

Bayanai, sakamako, da kammalawa,
A jarrabawa duk ɗaya suke gare ni.

Kuma in Redi ya kashe maganar tun tuni,
Me ya kawo masani Pastur? Malam, sanar da ni.

Malam Mai Alli

'Yata, bayanai su ne ɗanyun lambobi,
Abin da kika ƙirga kina rubutawa.

Rana kaza, kwalba kaza, tsutsa kaza,
Har wanda bai miki daɗi ba, ban da gogewa.

Sakamako kuwa, in kin tattara su
A jadawali ko zane, shi ke fitowa.

Kammalawa takan koma kan hasashe,
Ta ce ya tsaya, ko ta shaida faɗuwa.

Sai dai tana da iyaka, ki kiyaye,
Kar ta wuce inda bayanai ke tsayawa.

Redi ya nuna tsutsa 'yar ƙuda ce,
Ƙananan halittu bai kai ga taɓawa.

Da madubin ƙara girma ya tona su
A ruɓaɓɓen romo suna yawaitawa,

Sai gardama ta dawo sabuwa fil,
Aka ce waɗannan kam romo ke samarwa.

Kusan shekara 200 ana ja-in-ja,
Kafin Luwi Pastur a Faransa ya zo da warwarewa.

Ya tafasa romo a kwalbar gilashi
Mai dogon wuya siriri mai lanƙwasawa.

Iska ta wuce, ƙura ta maƙale
A gwiwar wuyan, ba ta iya haurawa.

Romo ya zauna garau bai gurɓace ba,
Da aka karya wuyan, sai ga lalacewa.

Ɗan Gardama

Na sauka daga batun iska, Malam,
Amma ban ce na gama tambaya ba.

Mutum ɗaya a ɗakinsa ya ce ya gani,
Ni kuwa ban je na gani da idona ba.

Kuma ku da kanku kuke cewa ra'i,
Ra'i ai ra'ayi ne, bai zama tabbas ba.

Malama Mai Ma'auni

Ta farko tawa ce, ta biyu na bar wa Malam.

Shi ya sa mai bincike ke rubuta hanya,
Matakai dalla-dalla ya bayyana su.

Wasu a wata ƙasa da ba su san shi ba
Su bi matakan, su ga me zai fito musu.

Wannan ce maimaitawa, in ta yi daidai
Sannan masana ke sakin jikinsu.

Kafin a buga ma, ƙwararrun fanni
Sai sun tono kurakurai a gyara su.

Sai yawan samfuri, ga labarin Jemis Lind,
Likitan jirgin ruwa da majinyatansu.

A 1747, a tsakiyar teku,
Matuƙa 12 ciwo ya kama su.

Dasashi na jini, haƙora na girgiɗi,
Ya kasa su biyu-biyu, rukuni 6 ya yi da su.

Wasu ruwan teku, wasu wani magani,
Biyu lemon zaƙi da na tsami ya ba su.

Masu lemon suka fi kowa murmurewa
A kwana 6, kafin lemon ya ƙare musu.

Gwaji ne mai kyau, amma mutum biyu kacal,
Ai sa'a ma na iya faɗawa kansu.

Da mutum ɗari ne a kowane rukuni,
Masu musu da wuya su buɗe bakinsu.

Sai a 1795 sojan ruwan Birtaniya
Suka sa ruwan lemo cikin abincinsu.

Shekara 48 tsakani, abin na ci mini rai,
Matuƙa nawa ciwon nan ya kwashe su?

Malam Mai Alli

Ɗana, ra'i a kimiyya ba hirar dandali ba ne,
Bayani ne da hujjoji suka daɗe da tallafawa.

Hasashe tambaya ɗaya yake fuskanta,
Ra'i tarin sakamako yake haɗawa.

Ɗauki ra'in ƙwayoyin cuta misali,
Shi ya fayyace yadda annoba ke yaɗuwa.

Shi ya sa likita ke wanke hannu,
Kayan tiyata kuma ake tafasawa.

Doka daban take, tana faɗin yadda
Abu ke gudana, da lissafi ake tsarawa.

Ra'i ke faɗin dalilin da ya sa haka,
Ba ya girma ya zama doka, ku daina haɗawa.

In sabuwar hujja ta zo da ƙarfinta,
Ra'in ma akan zauna a yi gyarawa.

Auta 'Yar Aji Uku

To ga nawa aikin, a duba mini,
In da kuskure ku tsaya ku gyara ni.

Tambayata: iri na son haske ya tsiro?
Hasashena eh, haka zuciya ta ba ni.

Ƙwaya 20 a taga, 20 a kabad,
Ruwa da ƙasa iri ɗaya, na yi auni.

Kullum da safe in ƙirga masu tsiro,
Kwana 10, in ga me lambobi za su ba ni.

Ɗan Gardama

Ƙanwata, tsarin ya yi, saura ƙiris,
Taga da kabad zafinsu bai zo ɗaya ba.

Rana na dukan taga, ƙasa ta bushe,
Ta cikin kabad kuwa ba ta bushe ba.

Ki jera su duka wuri guda a inuwa mai haske,
Rabi ki kifa musu kwali, rabi ba ki kifa ba.

Ki sa ma'aunin zafi ciki da waje,
Ki rubuta shi kullum, ko bai sauya ba.