In za a faɗaɗa gidan likita, ina wurin masu jinya?

Ƴar Bagalam:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni zuwa ga ma'aikatan lafiya da masu sanin harkar gini. In za a ƙara gini a gidan likita, wa ke zama ya zana tsarin, kuma ana sa masu jinya cikin lissafin kuwa?

Ba na musun an yi aiki a garin nan. Tun daga Maradi Kwalliya, bikin ƙasa na 18 ga Disamba da aka yi a Maradi a 2015, gari ya sake fuska. Ga asibitin Referans, ga babban asibitin jiha da muke cewa CHR, ga cibiyar uwa da yaro, jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kuma tana horar da ɗiyanmu aikin likita. Alhamdu lillahi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a ƙasar nan mara lafiya ba ya zuwa shi kaɗai. Wanda aka kawo daga Dakwaro ko Mayahi ko Tasawa, akwai mai kwana kusa da shi, akwai mai zuwa farmasi, akwai tsohuwar da ta biyo don hankalinta ya ƙi kwanciya a gida. Su ke wanke shi, su ke juya shi, su ke ba shi kunu. Ke nan su ma ma'aikata ne, albashi kawai ne babu.

Da damanar bara na yi jinyar ƙanwata a wani gidan likita. Hadari ya taso daga gabas tsakar dare, mata suka riƙa naɗe tabarmi da gudu, wannan ta suri goyo, waccan ta suri tarmus da kwanoni, muka cushe a baranda har ma'aikata ba su da hanyar tura gado. Mai gadi yana ta ba mu haƙuri mu matsa, to mu matsa ina? Da asuba layin buta ne a bakin pampo ɗaya. Wata baiwar Allah ta wanke zanen ɗiyarta mai jini a nan inda muke ɗibar ruwan sha, ba don ƙazanta ba, don ba ta da wani wuri. Mijinta kuwa bakin ƙofa ya kwana a zaune, kada a kira "mai jinyar wance" da takardar magani ba ya nan.

Rumfa da makewayi da wurin wanki da ɗan murhu, su ne suka fi ƙarfin kuɗin gini, ko mantawa ake yi da su?

Tsohon Majo:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ƙara wa ƙanwarki lafiya. Na yi aikin jinya har na yi ritaya, bari in gaya miki yadda abin yake.

Tsarin babban asibiti daga Yamai yake fitowa, daga ma'aikatar lafiya da masu zanen gini da wanda ya ba da kuɗin. Lissafinsu na gado ne: gado nawa, ɗakin fiɗa nawa, ɗakin awo, ɗakin hoto. Da haka ake auna asibiti a takarda, shi ya sa kike jin ana cewa Referans ta Yamai, wadda ƙasar Sin ta gina, gado 500 gare ta. Ba ki taɓa jin an faɗi yawan masu jinyar da za ta ɗauka ba. Tsarin ya ɗauka cewa ma'aikaci ne zai yi wa mara lafiya komai, alhali mu da muka yi gadin dare mun san mutum ɗaya kan riƙe ɗaki guda cur.

Amma ki ji ta ɓangarenmu. Taron masu jinya cikin ɗaki yana kawo cuta. Yaro ya zo da tamowa, jikinsa ba ƙarfi, wani ya shigo da tari ya zauna kansa. Kwalara in ta shigo, ta hannu da kwano take yawo. Don haka ni ina bayanki, da sharaɗi ɗaya: wurin masu jinya ya zama nesa kaɗan da ɗakunan kwanciya, da ƙofarsa, da ruwansa, mutum ɗaya tak ke shiga wurin mara lafiya. Sannan a yi girmansa da lissafin watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da masassarar cizon sauro ke haɗuwa da ƙarshen abincin rumbu. A watannin nan na sha ganin yara biyu har uku a gado ɗaya, kowane da uwarsa. Wanda ya auna da watan Fabrairu ya ruɗi kansa.

Kuma mutane za su ƙaru. Tun 2006 ake duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, a 2024 kuma gwamnati ta rage kuɗin likita da rabi, ta ce haihuwa kyauta, ta soke jika 150, wato sefa dubu 150, da ake biya kafin a fara wankin ƙoda. Duk wanda tsada ta tsare a gida yanzu yana tahowa.

Magini daga Ali Ɗan Sofo:

Hajiya, ba kuɗi ba ne. Rumfar kwano mai ƙafar ƙarfe da daɓen siminti ba ta kai komai ba in aka gwada da ɗakin fiɗa guda. Matsalar ita ce in ba a rubuta ta cikin kwangila ba, ɗan kwangila ba zai sa ko bulo ɗaya ba, kuma yana da gaskiya.

In da ni za a tambaya, kafin rumfa sai a fara da ƙasa. Garinmu rairayi ne, ruwa in ya samu gangare yana cin ƙarƙashin gini. Kakanninmu ma ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka hau da gari tudu, kuma kowa ya ga abin da ruwan ƙarshen Agusta na 2024 ya yi wa unguwanni. Duk gini sabo da aka ƙara, rufinsa yana tara ruwa ya zubar a tsakar fili. In ba a ja magudana tare da shi ba, tsohon ginin da ke ƙasa shi ke sha.

Daɓen rumfa a ɗaga shi sama da ƙasa sosai, a yi rabin bango ta gabas don daga can ruwa da iska ke bugowa, a bar yamma da arewa a buɗe. Ramin makewayi kada ya kusanci rijiyar burtsatse, mita 30 ne mafi ƙaranci da muke bi. Kuma don Allah a daina sare bedi don a samu filin aza gini. Itacen da ya shekara talatin yana ba da inuwa, ba a maida shi da furen ado cikin tukunya.

Ɗan Madarumfa:

Ku yi mini haƙuri iyayena, ni ina ganin ruwa da kuran, wato wutar lantarki, sun riga rumfa. Hukumar lafiya ta duniya na lissafa lita 40 zuwa 60 a yini ga kowane mai kwanciya a asibiti, ban da masu jinya. Wutarmu kuma ta hanyar Katsina take shigowa, mun ga yadda aka yi da aka yanke ta a Agustan 2023. In babu shato babba, wato tankin ruwa na sama, da sola mai tura ruwa, makewayin da kuke magana sati ɗaya zai yi ya toshe. Na biyu, a gyara likitocin gundumomi su iya fiɗar haihuwa da ƙarin jini a kowane lokaci, cunkoson Maradi zai ragu da kansa.

Ƴar Bagalam:

Na gode ƙwarai, Baba Majo, Allah ya saka da alheri. Ƙanena na Madarumfa, ruwa kam ka yi gaskiya, amma ba zan yarda a ce mu jira sai an gama gyaran gundumomi ba. Matar da ke kwance bakin baranda yau ba za ta iya jiran wannan ba.

Tunda ba kuɗi mai yawa ba ne, ni abin da nike gani shi ne alhazan garin nan da ke gina masallatai su san cewa wannan ma sadaka ce mai gudana. Ƙungiyarmu ta adashi ba ta iya gini, amma muna iya ɗaukar sabulu da tsintsiya da albashin mai shara, don na san abin da ke kashe irin wannan wuri rashin mai kula ne. Baba Majo, wace ƙofa za mu fara bugawa, ta shugaban asibiti ko ta hukumar lafiya ta jiha?

Tsohon Majo:

Ku fara da shugaban asibitin, shi ya san filin da aka keɓe wa gini na gaba, kada ku aza rumfa inda gobe za a rushe. Ku tafi da takarda a rubuce da sa hannun shugabar ƙungiyarku, ku nemi a haɗa ku da ma'aikacin tsabta da na ofishin taimakon jama'a. In ya amince, shi zai kai maganar hukumar jiha. Ku tafi da maginin nan ya auna wurin tun kafin ruwa ya sauka.