Kumburi a ƙarƙashin muƙamuƙi da ke tashi da zarar an fara cin abinci

Maman Amira

Assalamu alaikum. Don Allah likitocin zauren nan, tambaya gare ni. Maigidana ne, shekararsa 42, da ya kai lomar farko baki sai ƙarƙashin muƙamuƙinsa na dama ya kumbura, ya yi ta zogi, balle in abincin da tsami. Bayan awa ɗaya ko biyu sai ya sace kamar ba a yi ba. Wasu sun ce hangum ne, wasu kaluluwa, surukata kuma ta ce a kira wanzami ya yi masa ƙaho. Mene ne wannan, kuma wane sashe za mu nufa a asibiti?

Likitan Kunne da Maƙogwaro

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya. Sai an duba shi kafin a yanke hukunci, amma yadda kika kwatanta, abin da ya fi kama da shi tsakuwa ce ta toshe magudanar miyau.

Manyan maɓuɓɓugan miyau guda shida ne, uku a kowane gefe: ɗaya a gaban kunne, ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya a ƙarƙashin harshe. A yini suna fitar da tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi. Tsakuwa takwas cikin goma a ta ƙarƙashin muƙamuƙi ake samunta, kuma da dalili. Miyaunta ya fi kauri da yauƙi, sinadarin kalshiyam ya fi yawa a cikinsa, ga bututunta dogo ne, kusan santimita 5, kuma sama yake hawa kafin ya buɗe a gindin harshe. Miyau in ya jima kwance a ciki sai kalshiyam ya fara taruwa har ya daskare.

Da an ji ƙamshin abinci ko an ɗanɗana tsami, maɓuɓɓugar sai ta tunkuɗo miyau da yawa a lokaci guda, ya tarar hanya a toshe, ya taru a baya. Shi ne kumburin da zogin. A hankali yana zurarewa ta gefen tsakuwar, shi ya sa kike ganin ya sace. Hangum ba haka yake ba: ƙwayar cutar bairus ce, ta fi kama yara, a gaban kunne take kumburawa, sau da yawa gefe biyu, da zazzaɓi, kuma kumburin yana nan daram kusan mako guda, ba ruwansa da lokacin cin abinci. Kaluluwa ma ba ta tashi ta sauka cikin awa biyu.

A asibiti likita zai sa yatsa ɗaya a ƙarƙashin harshe, ɗaya hannun kuma ta waje, ya lalubo bututun daga baya zuwa gaba. In tsakuwar na kusa da bakin bututu ana jinta da tauri, wani lokaci har a hango ta, fara-fara ko rawaya. Daga nan sai sikanin, wanda ke nuna tsakuwar da ta kai milimita 2 ko fiye. Hoton ƙashi na ƙasan baki yana kama yawancinsu, amma wasu ba sa fitowa a ciki, don haka in hoton ya fito fes ba shi ne ke nufin babu ba.

Ku nufi sashen kunne, hanci da maƙogwaro, ko sashen tiyatar baki da muƙamuƙi. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da ke Kano suna da su, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa.

Likitar Haƙori

Bari in ɗora a kan bayanin Dakta da abin da za a yi a gida kafin ranar ganin likita, domin ƙaramar tsakuwa takan fito da kanta. Ya riƙa shan ruwa, lita 2 zuwa 3 a yini in ba shi da ciwon ƙoda ko na zuciya da aka ƙayyade masa ruwa. A jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi a ɗora a wurin minti 10 zuwa 15, sau uku ko huɗu a rana. Bayan gashin sai a murza da yatsu biyu, daga kusurwar muƙamuƙi a taho gaba wajen haɓa, wato ta inda bututun ya nufa. Masu murzawa baya suna ƙara cusa tsakuwar ciki ne. Tsotson lemun tsami ko tsamiya yana tunkuɗo miyau ya turo ta, sai dai a kurkure baki da ruwa daga baya, don tsami yana cin haƙori.

Abin da ba a so shi ne a ɗauki allura ko tsinken sakace a ce za a ƙwaƙulo ta. Bakin bututun ɗan mitsitsi ne, in ya ji rauni ya warke da tabo sai ya tsuke, kumburin ya ci gaba ko bayan tsakuwar ta fita.

Kuma a duba magungunan da yake sha. Maganin hawan jini mai sa fitsari, maganin mura mai sa barci, da amitriptyline (maganin ciwon damuwa da zogin jijiya) duk suna busar da baki. Kar ya daina da kansa, ya dai faɗa wa likita.

In kumburin ya daina sauka, wurin ya yi ja da zafi, ga zazzaɓi, ko aka matsa mugunya ta fito a ƙarƙashin harshe, to ƙwayoyin cuta sun shiga, sai an rubuta masa maganin kashe su na kwana 7 zuwa 10, kuma ya shanye duka. In kuwa ƙasan baki ya kumbura har harshe ya ɗago sama, miyau na dalala, haɗiya ko numfashi na gagara, sashen gaggawa za a kai shi a daren, domin irin wannan kumburin yana iya toshe hanyar iska.

Maman Amira

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To in ba ta fito ba, dole sai an yi masa aiki ke nan? Tiyatar ce yake tsoro.

Likitan Kunne da Maƙogwaro

Ya danganta da girmanta da inda ta maƙale. Wadda ke gaba, kusa da bakin bututu, ta cikin baki ake cire ta: allurar kashe zafi, ɗan tsagi a kan bututun, a fito da ita, ya koma gida a ranar. Ƙanana da ba su wuce milimita 4 ba ana iya zaro su da siririyar kyamara da ake zurawa cikin bututun, a inda ake da na'urar. Wadda ta nutse cikin maɓuɓɓugar, ko ciwon ya yi ta dawowa har wurin ya taurare, ita ce ake cire maɓuɓɓugar gaba ɗaya ta wuya. Ana yin tsagin kamar faɗin yatsu biyu ƙasa da ƙashin muƙamuƙi, don a kauce wa jijiyar da ke motsa leɓen ƙasa. In ta taɓu, baki kan ɗan karkace wajen murmushi, yawanci na ɗan lokaci. Sauran biyar ɗin sun ishe shi miyau.

Mai Binciken Ƙwayoyin Nama

Hajiya, maganar ƙahon nan nake so in tsaya a kai. Wanzami ba shi da hanyar gane ko tsakuwa ce a ciki ko ƙari, kuma ko wanne ne, tsaga ba ta kai gare shi. A tsakuwa, ƙaho jini kawai zai zuƙe ya bar ƙofa ga ƙwayoyin cuta. A ƙari kuwa ɓarnar ta fi haka. Ƙarin da ya fi yawa a maɓuɓɓugan miyau ba kansa (ciwon daji) ba ne, yana zaune ne cikin wata siririyar jaka. In aska ta fasa jakar, ƙwayoyinsa sai su watsu cikin naman da ke kewaye, bayan shekaru ya dawo ƙulli-ƙulli a wurare da dama, aikin da da mai sauƙi ne ya koma mai wuya.

Ga yadda ake rarrabewa. Ƙari ba ya sauka bayan cin abinci, girma yake yi sannu a hankali, sau da yawa ba zafi, shi ya sa mutane ke zama da shi shekara da shekaru. A maɓuɓɓugar gaban kunne, kusan takwas cikin goma ba kansa ba ne. A ta ƙarƙashin muƙamuƙi kuwa kusan rabi kansa ne, don haka duk ƙullin da ya wuce mako uku a nan bai sace ba, a kai shi a duba. Alamun da ke tayar da hankali su ne saurin girma, tauri kamar dutse, mannewa da fata, karkacewar fuska, ko wani gefen harshe ya mutu ba a jin taɓi.

Gwajin farko da siririyar allura ake yi, a zuƙo 'yan ƙwayoyi a shafa a gilashi a duba a madubin likita, ba ya wuce 'yan mintuna. Shi ne kuma ke nuna in kaluluwar tarin fuka ce, wadda ke fitowa a wuya ta yi kama da wannan, kuma magani take so na watanni. In ranar ganin likita ta zo kumburin ya sace, ku ɗauki hotonsa a waya lokacin da ya tashi, ku tafi da shi tare da kwalayen duk magungunan da yake sha.