Majalisar birni ta ɗauki ɓangare a ƙuri'ar raba gardama: haƙƙinta ne ko wuce gona da iri?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Ni har yau ban gamsu da abin da majalisun birane da dama suka yi a jihar Kalifoniya ta Amurka kafin zaɓen Nuwamba 2024 ba. An kawo wa jama'a Ƙuduri na 36, wanda zai tsananta hukunci kan mai maimaita sata da masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi irin su fentanil, sai kansiloli suka zauna a zauren majalisa suka ce birninsu yana goyon baya. Ai dalilin ƙuri'ar raba gardama ke nan, a tsallake 'yan siyasa a tambayi jama'a kai tsaye. Wanda aka tsallake ba shi da hurumin dawowa ya yi magana da sunan gari duka.

Maman Sadik: Wa alaikumus salam. Baban Ummi, to su yi shiru ke nan? Su ne ke biyan 'yan sandan gari, su masu shaguna ke kai wa kuka. Dokar 2014, wato Ƙuduri na 47, ita ta mayar da satar abin da bai wuce dala 950 ba ƙaramin laifi, kuma birane ne suka zauna da sakamakonta shekara goma. Idan kansilana ya san abin da doka za ta yi wa kasafin garinmu ya ƙi faɗa, ni a wurina ya ci amanata.

Baban Ummi: Ya faɗa da bakinsa mana, Hajiya. Ya hau Facebook, ya kira taro, ba wanda ya hana shi. Gwamna Gavin Newsom ya fito ya ce ba ya so, magajin garin San Jose Matt Mahan ya ce yana so, kowa da sunansa. Hatimin birni fa na kowa ne, har da wanda zai jefa "a'a".

Malam na Sakiramento: Bari in raba muku abu biyu da kuke haɗawa. Ɗaukar matsaya daban, kamfe da kuɗin haraji daban, kuma kotunan jihar sun daɗe da raba su. A 1976, a shari'ar Stanson da Mott, Kotun Ƙolin Kalifoniya ta ce hukuma ba za ta kashe kuɗin jama'a wajen tallata ɓangare guda ba sai da izinin doka bayyananne. Mott ɗin, shugaban hukumar wuraren shaƙatawa na jihar, shi ne ya yi amfani da kuɗin ofis yana neman a amince da bashin gina wuraren. Sai kuma 2009, shari'ar birnin Salinas. Can a 2002 wasu mazauna garin sun kawo ƙudurin soke harajin da birnin ke ɗorawa kan kuɗin wuta da waya da makamantansu. Majalisa ta zauna ta lissafa ayyukan da za ta rufe ko ta rage idan kuɗin ya tafi, ta wallafa a shafinta na intanet da takardar da take aika wa gidaje. Masu goyon bayan ƙudurin suka kai ƙara tun kafin zaɓe, jama'a suka ƙi ƙudurin, daga baya kotu ta ce abin da birnin ya yi bayani ne, ba kamfe ba. Amma allon talla, ko tallar rediyo da talabijin, ko takardar liƙawa a mota, wannan an hana.

Ɗan Maraɗi: Malam, Allah ya ƙara sani, amma wannan na Salinas shi ne ya fi tayar mini da hankali. Ka ce wa uwa za a rufe wurin da 'ya'yanta ke zuwa bayan makaranta idan ta zaɓi "e", sannan ka ce ba kamfe kake ba? Mu mun ga ƙuri'ar tazarce ta Shugaba Tandja a Nijar a watan Agusta 2009. Kotun tsarin mulki ta ce ba ta halatta ba, ya rushe ta, hukuma duka ta koma bayan amsa guda. Tun daga nan duk inda na ga mai riƙe da hukuma ya shiga raba gardama, gabana faɗuwa yake.

Maman Sadik: Haba ɗan'uwa, ina aka haɗa shugaban da ya rushe kotu da kansiloli biyar ko bakwai da suka ɗaga hannu a gaban jama'a? Waɗannan gobe za ka iya kayar da su a akwati. Kuma in gaskiya ne za a rufe wurin, ɓoye wa uwar shi ne zaluncin.

Ɗan Maraɗi: In gaskiya ne. Su kansilolin ne ke zaɓar abin da za su sa a jerin, Hajiya. Me ya sa kullum abin da ya fi taɓa zuciya ake sawa a gaba, ba albashin manyan jami'ai ba?

Malam na Sakiramento: Wannan tambayar tana da nauyi. Shi ya sa tsarin jihar Washinton ya fi kwanta mini. Dokarsu ta yarda majalisa ta goyi baya ko ta ƙi, amma sai a zama na fili, sai sanarwar zaman ta ambaci sunan ƙudurin da lambarsa, kuma sai an ba masu adawa, kansiloli ne ko jama'ar gari, dama kusan daidai su faɗi nasu. Baban Ummi, ko a gida ma ba baƙon abu ba ne: sashe na 8 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce kafin a je ƙuri'ar raba gardama kan ƙirƙirar sabuwar jiha, sai an samu goyon bayan kashi biyu cikin uku na wakilan yankin, har da na majalisun ƙananan hukumomi.

Baban Ummi: Wannan doka ce ta ɗora musu, Malam, ba su suka shigo da kansu ba. Na yarda da sharaɗin Washinton, amma zan ƙara ɗaya. Idan majalisa ta rabu huɗu da uku, kada a fita a ce "birni ya goyi baya". A rubuta sunayen huɗun da na ukun a kan takardar matsayar. Ƙuduri na 36 ya wuce da kusan kashi 68 cikin ɗari, wato kusan mutum ɗaya cikin uku ya ce a'a, kuma da harajinsu aka biya ma'aikacin da ya rubuta waccan takarda.

Maman Sadik: Sunayen suna cikin kundin zaman, duk mai so zai gani. Amma ban ƙi a sa su a saman takardar ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce su yi shiru.