Innarmu ta kwanta, ni kaɗai ke jinya a Yamai: ɗaukar mai taimako abin kunya ne?

Ƴar Adar:

Assalamu alaikum ƴan'uwa, don Allah shawara nike nema. Innarmu ce ta samu shanyewar ɓarin jiki, abin da likitoci ke ce ma AVC, tansiyo ne ya hau mata tana can Tawa, aka ɗauko ta a mota aka kawo Yamai, bayan an sallame mu daga asibiti sai ta zauna wurina nan Bukoki. Hannun dama da ƙafar dama ba su motsi, magana kuma sai ka kasa kunne sosai kafin ka gane mi take nufi.

Mu biyar ta haifa. Maza biyu suna cirani, babban yana Abijan ɗayan yana Libiya, yayata mace tana aure a Tawa da ƙananan yara, autanmu kuma yana jami'a. To ni ce ke nan. Ni malamar lakkol ce, da asuba in yi mata wanka in canza mata kush, wato ƙunzugun manya, in ba ta kunu da magani sannan in ruga aiki, in bar ta da ɗiyata wadda ke shirin jarrabawar BEPC bana, yarinyar nan karatunta duk ya ja baya kuma da dare inna ba ta barci sai kira, wani lokaci sunan babanmu da ya rasu take kira. Bayana ya fara ciwo saboda ɗagawa. Maigidana yana haƙuri wallahi bai taɓa nuna min a fuska ba amma ni na san gidan ya canza.

Na ce ma yayanmu na Abijan mu ɗauki mace mu riƙa biyan ta tana zama da inna da rana, sai ya ce a'a, wai mi mutanen Tawa za su ce, mace mai ɗiya biyar a ce bare ke wanke ta. Yana aiko kuɗi ta Nita duk wata, ban ce ba ya yi ba, amma maganar nan ta yi min zafi ƙwarai.

Abin da nike son sani, a Yamai akwai masu wannan aikin a gida kuwa, kuma nawa ake biya? Sannan laifi ne a addini? Wani abu kuma, na ga wuri ya yi ja a ƙasan bayanta wajen kuturi, kuma in ta sha ruwa tana ƙwarewa tana ta tari.

Majo na Talaje:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba inna lafiya, ya ba ki lada. Ni anfirmiye ne, wato ma'aikacin jinya, bari in fara da abubuwa biyun da kika sa a ƙarshe don su ne suka fi gaggawa, maganar yayanku za ta iya jira.

Jan nan na kuturi farkon gyambon kwanciya ne. Ki danna wurin da yatsa, in bai yi haske ba ya tsaya ja yadda yake to fatar ta fara lalacewa daga ciki. Kar ki murza wurin, mutane da yawa suna murzawa da man kaɗe suna ganin gyara ne alhali ƙara ɓata shi suke. Maganinsa a ɗauke nauyi daga kansa, a riƙa juya ta duk awa 2, hagu, dama, kar ta kwanta kan jan sam, a sa matashi tsakanin gwiwoyi da kuma ƙarƙashin ƙwauri yadda diddige ba zai taɓa katifa ba. Ki riƙa duba diddige da ƙugu da kafaɗa duk lokacin wanka. Kush in ya jiƙe a canza nan take, zanen gado kar ya tattare, kuma in kin shimfiɗa leda ki sa zane mai kauri a sama don zafin Yamai da leda da gumi su ne ke cinye fata. In gyambon nan ya buɗe, pansama, wato wanke gyambo da ɗaure shi, kullum ne na tsawon watanni, kuɗin da za ku kashe ya wuce albashin mai taimako nesa.

Ƙwarewa kuma ba ƙaramin abu ba ne bayan AVC, ruwa ko abinci na iya bi ta hanyar iska ya sauka huhu ya kawo ciwon huhu. Kar a ba ta komi tana kwance. A zaunar da ita sosai, kai ya ɗan sunkuya gaba, cokali kaɗan kaɗan, bayan ta gama ta zauna kamar minti 30 kafin a kwantar. Abu mai kauri irin kunu ko fura da aka dama da kauri ya fi ruwa tsinke sauƙin haɗiya. Amma dole ki faɗa ma likitanta wannan a randebu, ranar da ya ce ku komo, kar ki bari. Kuma tsoho ba ya jin ƙishi kamar mu, a watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce 40 ga ɗaukewar wuta, tsofaffi da yawa rashin ruwa a jiki ke kawo mana su. Ruɗewar dare ma wani lokaci daga nan take ko daga ciwon fitsari, ki ambata ma likita.

Maganin tansiyo kar a tsaida shi don an auna an ga ya sauka, saukar ta maganin ce. Kine kuma, wato gashi da motsa gaɓoɓi, yanzu ne lokacinsa, watannin farko ne jiki ya fi dawowa.

Kan tambayarki, aiki biyu ne mutane ke haɗawa. Akwai na ma'aikacin lafiya, allura, pansama, sonda wato robar fitsari, auna tansiyo da sukari, wannan ki tambayi majo, wato shugaban CSI, ƙaramin asibitin unguwarku, akwai anfirmiyoyi da masu kine da ke zuwa gida bayan sun tashi aiki ana biyan su kowane zuwa, wasu kilinik masu zaman kansu ma suna aikowa. Sai kuma na zama da mara lafiya, wanka, ciyarwa, juyawa, wannan ba sai mai diploma ba, mace mai hankali da tsabta da ƙarfi in aka nuna mata za ta iya. Wadda kuka ɗauka kar ku bari ta yi allura ko ta canza magani.

Ɗan Cirani 225:

Allah shi ba inna lafiya. Ni ma ɗan Adar ne ina Abijan, kuma ina so in ce wani abu don kullum mu na waje ake gani kamar mun gudu mun bar ma mata wahala. Wallahi ba haka ba ne, mutum na nan yana tura baro ko yana gadi cikin ruwan sama, abin da ya samu rabi gida yake tafiya, in waya ta yi ƙara da dare gabanshi faɗuwa yake. Yayanku da ya ce a'a ina jin ba mugunta ba ce, kunya ce da kuma tsoro, don mun sha jin labarin ƴan aiki da ke dukan tsofaffi ko su bar su da yunwa in masu gida sun fita, ga wanda bakinshi ba ya fita ba zai iya faɗi ba. Ni shawarata ku samo wata daga dangi can ƙauye, bazawara ko wata gwaggo da ƴaƴanta suka girma, ta zo ta zauna, jini ya fi bare. Ko kuma a maida inna Tawa cikin gidanta da maƙwabtanta, tsoho ya fi sakewa a ɗakinshi.

Hajiya ta Wadata:

Ɗan Cirani, ɗana, na ji ka kuma ban ƙaryata wahalarku ba, amma wanda ke aiko kuɗi yana kwana yana barci, wadda ke juya mara lafiya duk awa 2 ba ta barci, a nan bambancin yake. Ni na yi jinyar uwar mijina shekaru har Allah ya ɗauki abinsa, don haka abin da zan faɗa na gani da idona ne.

Ƴar Adar, ɗiyata, ki ɗauki mai taimako. Mutanen Tawa da yayanki ke tsoron bakinsu za su zo dubiya su zauna ki dafa musu abinci ki ba su kuɗin taksi su tafi, babu wanda zai canza kush ko sau ɗaya. Ranar da bayanki ya riƙe kika kwanta, marasa lafiya sun zama biyu a gida guda, sannan wa zai duba inna? Kuma ki cire yarinyar nan mai BEPC daga jinyar rana, ta taya ki da yamma ya isa, shekarar jarrabawa in ta wuce ta wuce.

Maganar kawo ƴar dangi, mu mun gwada. Tana da kyau in an yi ta da gaskiya, wato a yanka mata albashi kamar kowa. Abin da ke ɓata ta shi ne a ce ai ƴar'uwa ce, a riƙa ba ta sabulu da turmin zane da salla, ita tana jin an cuce ta ba ta iya faɗi, ke kina ganin kuskure ba ki iya yi mata magana don kar a kai ƙararki ƙauye. Bare kuwa kun yi ciniki, kowa ya san matsayinshi. Mu daga baya wata dattijuwa muka samu ta hanyar matan makarantar islamiyyarmu, an san gidanta an san ƴaƴanta. Kar ki ɗauki ƙaramar yarinya cikin masu zuwa aikatau da rani, ba ta da ƙarfin ɗaga babba, ba ta da haƙurin tsoho, kuma damina na faɗuwa za ta koma gida noma ki dawo inda kika fara.

Kuɗi kuwa ya danganta da ko kwana za ta yi ko wuni kawai. Ki riƙe a ranki cewa mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata, wato sefa dubu 42, tun farkon 2024, na san gidaje da yawa ba su ba ƴan aiki haka, amma wadda za ta wanke kashi da fitsarin uwarki ba a yi mata ƙwauro, in kin matse ta a kan inna za ta huce. Ki ba ta rana guda ta hutu a sati, ta ci abin da kuke ci, ki saya mata safar hannu da sabulu da ruwan Javel. Satin farko ki nemi konje, wato hutun aiki, ko kwana kaɗan ne ku yi aikin tare ki ga hannunta, daga baya ki riƙa faɗowa gida ba tare da sanarwa ba, maƙwabciya ma ta riƙa leƙawa. Fuskar inna za ta gaya miki, in matar ta shigo kika ga inna ta ɗaure fuska ko ta firgita to ki bincika.

Maida ta Tawa kuma, tafiyar ta fi kilomita 500 ta Doso da Konni, ga likitanta da kine suna nan, kuma can ɗin ma kan yayarki mai ƙananan yara za a sauke. Sai dai in ta ji sauƙi.

Abu na ƙarshe, ki buɗe gurup na WhatsApp ku biyar, duk takardar farmasi ki ɗauki hoto ki sa, kush nawa, kine nawa, taksi nawa. Maza ba su san kuɗin kush na manya ba sai sun gani a rubuce. Auta kuma ya zo ya kwana ranar Asabar da Lahadi, ko bai yi mata wanka ba zai iya ɗagawa da juyawa ke ki samu barci.

Malam na Lazare:

Allah ya saka ma Majo da Hajiya. A taƙaice ƴar'uwa, abin da aka wajabta ma ƴaƴa shi ne kyautata ma iyaye da tabbatar da an kula da su, kuma wajibin yana kan ku biyar ne, maza da mata. Ɗaukar mace amintacciya a biya ta don ta taimaka ba saɓo ba ne, yana cikin kulawar. Abin da ake gudu shi ne a miƙa ta ga wata a juya baya, ko gajiya ta sa a daka mata tsawa, kuma wanda bai yi barci ba shi ya fi kusa da wannan. Mace ta wanke mace shi ya fi sutura. Salla kuma ba ta faɗi a kanta ba matuƙar hankalinta na nan, ta yi a zaune, in ba ta iya ba a kwance da nuni, in alwala ta yi wuya ki taimaka mata ko a yi taimama. In yayanku yana so, ya tambayi malamin da ya yarda da shi can Abijan.

Ƴar Adar:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci, wallahi ina karantawa ina hawaye. Hajiya na buɗe gurup ɗin na sa takardun farmasi na wannan watan, na Libiya ya kira ni ya ce shi zai ɗauki albashin matar, babban yaya dai bai ce komi ba tukuna. Ɗan Cirani na gane tsoron da ka faɗa, ni ma ina da shi, shi ya sa zan bi ta hanyar matan unguwa.

Majo na danna wurin kamar yadda ka ce bai yi haske ba, kuma yau da na duba na ga tsakiyar ta ɗan saɓule kamar ƙuna, akwai ɗan ruwa ruwa. Randebunmu sai sati mai zuwa, in jira ko yaya?

Majo na Talaje:

Kar ki jira ƙanwata, tunda ya saɓule ya wuce matakin farko. Gobe da safe ki je CSI ki nuna ma majo hoton wurin ki roƙi a turo wanda zai duba ya yi pansama a gida, in ɗaukar ta zai yi wuya. Kafin nan ki wanke da ruwan sarom, wato ruwan gishiri na farmasi, ki rufe da kompires, ƙyallen rufe ciwo, mai tsabta, kar ki sa toka ko garin kapsol ko alkol. Daren nan ta kwana kan gefe, ku raba juyawar ke da wani. In kika ga zazzaɓi ko wari ko wurin ya yi baƙi, ku tafi asibiti kai tsaye ko da dare ne.