Neman shawara: keken tsere mai sauƙin kuɗi ga ɗan koyo

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Samaru a Zariya, aikina kuma a Kongo yake, kuɗin mota ya isheni. Ina son keken tsere, irin mai lanƙwasasshen kai da siririyar taya, in riƙa zuwa aiki, ranar Asabar kuma in motsa jiki ta hanyar Shika. Kuɗina ba su taka kara sun karya ba. Sabo zan saya ko na gwanjo? Tsayina santimita 173.

Mai gyaran keke, Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Ƙanena, da ka sayi sabo mai arha marar suna, gara na gwanjo mai bodin alminiyom, na kamfanin Giant ko Trek. Ka duba giyarsa: in Shimano Claris ce mai hawa 8 a baya, ko Sora mai 9, sun ishe ka, kacarsu ma ba ta kai ta manyan tsada ba. Bodin kabon kuwa ka bar shi, yana iya tsagewa ta ciki ido bai gani ba, kuma ba a yi masa walda. Kafin ka biya, ɗaga keken ka juya wili ka ga ko yana rawa, ka bi wuraren walda da yatsa, ka sa kowace giya. In haƙoran giyar sun yi tsini, sun cinye ke nan, a rage maka kuɗi.

Malama daga Tudun Wada: Girman bodi fa? Mai tsayinka, bodi mai lamba 54 ne yawanci ke yi masa daidai. Ka hau ka zagaya tukuna. Wanda ya yi maka girma ciwon baya da wuya zai sa maka, ko kyauta aka ba ka.

Ɗan Kwangila: Ni dai ban ga dalili ba. Da ramukan nan da tireloli, siririyar taya wahala ce. Nemi mai faffaɗar taya.

Mai gyaran keke: Da gaskiyarka, amma akwai mafita. Ya nemi bodin da zai ɗauki taya mai faɗin milimita 28 ko 32, ba 23 ba, tana jure gargada. Abin da ya fi damuna shi ne bakin tib ɗinsu siriri ne, ba kowane mai faci ke da kan famfonsa ba. Ɗan Samaru, ka sayi ƙaramin famfo da tib guda na ajiya, lamba 700, wato girman wilin.

Malama: Ka ware kuɗin hular kwano da fitilar baya tun yanzu, don Allah.

Ɗan Samaru: Na gode, Allah ya saka da alheri. Yaya, in na samu wanda ya kwanta mini, zan kawo maka shago ka duba kafin in biya.