Tallafin gwamnati ga manyan makarantu: abin da muka gani da idonmu a Kaduna

Tsohon ma'aikacin ofishin kuɗi, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum. Ina roƙon malamai, iyaye da ɗalibai, kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa game da tallafin da gwamnati ke bai wa manyan makarantun da suka shiga matsi, ban da jita-jita. Na yi aiki a ofishin kuɗi na wata kwaleji har na yi ritaya, kuma kusan duk wani sabon ginin da aka yi a gabana da kuɗin TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu, aka yi shi. Asusun ya samo asali ne daga harajin ilimi na 1993, wanda ya biyo bayan yarjejeniyar ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, da gwamnati ta 1992, aka sake masa doka da suna a 2011. Kamfanoni ne ke biya daga ribarsu: a da kashi 2 cikin ɗari ne, ya koma 2.5 a 2021, sannan 3 a 2023. Jami'o'i na ɗaukar rabi, kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi su raba sauran daidai.

Abin da mutanen gari ba su sani ba shi ne kuɗin yana zuwa da igiya a wuyansa. Na gini ne, da littattafai, da bincike, da tura malamai ƙaro karatu, kuma ba a sakin kaso na gaba sai an kawo bayanin yadda aka kashe na baya. Ba a biyan albashi da shi, ba a sayen man janareta. Saboda haka na sha zama a ofis da takardar miliyoyin gini a hannun dama, da takardar yanke wuta a hannun hagu, kuma doka ba ta yarda ɗaya ta taimaki ɗaya ba.

Malamin kwalejin ilimi

Wa alaikumus salam, Baba. Ni ina cikin waɗanda asusun ya biya wa karatun digiri na biyu, kuma ba zan yi butulci ba, domin da albashina ba zan iya ba. Amma da na dawo, sai na tarar da sabon ɗakin lacca mai kujeru a jere, ɗalibai kuwa ko layukan gaba ba su cika ba. Yaran da ke cike takardar JAMB ba sa zaɓen kwalejin ilimi sai sun rasa jami'a, kuma ban ga laifinsu ba, tunda suna ganin halin da malamin firamare mai NCE yake ciki a unguwarsu. Dokar 2023 da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da digiri tare da NCE za ta iya jawo ɗalibai, amma a ganina kwalejojin jihohi ne za su ji jiki, domin yaro zai bar ta kusa da gida ya tafi inda ake ba da digiri. Wasu daga cikin abokan aikina da aka horar da kuɗin jama'a, suna gama wa'adin da suka sa hannu a kai suka koma jami'a, wasu ma ƙasar suka bari.

Uwar ɗalibai, Rigasa

Malam, ku kuna maganar gini, mu iyaye takardar rajista muke kallo. Lokacin da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ƙara kuɗin makarantun jiha a 2021, mafi ƙarancin kuɗin jami'ar jihar Kaduna, KASU, ya koma naira 150,000, alhali a da bai kai 30,000 ba ga 'yan jiha. A watan Agustan 2023 Gwamna Uba Sani ya rage: na KASU ya dawo 105,000, na kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli a Zariya daga 100,000 zuwa 50,000, na kwalejin ilimi ta Gidan Waya daga 75,000 zuwa 37,500. Mun yi godiya ƙwarai. Sai dai ragin ya zo ne watanni kaɗan bayan cire tallafin mai, don haka abin da aka rage mana a rajista kuɗin mota da na abinci suka cinye shi. A tsakanin ƙarin da ragin, 'yata ta biyu ta ajiye karatu ta shiga ɗinki, kuma har yau ba ta koma ba, domin wanda ya fita daga aji ya fara riƙe kuɗi, mayar da shi sai an yi da gaske.

Tsohon ma'aikacin ofishin kuɗi

Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'arta. Ga wata tambaya da ya kamata a riƙa yi duk lokacin da aka rage kuɗin makaranta: shin an cike wa makarantar giɓin daga baitulmali? Da kuɗin rajista ake biyan masu shara, masu gadi, malaman wucin gadi da takardar jarrabawa. Idan an rage ba a cike ba, iyaye sun huta a ƙofa, amma 'ya'yansu za su biya a cikin aji.

Ɗalibin ajin ƙarshe

Iyayena, ku ba ni dama in sa baki. Na karɓi rancen karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, bayan an buɗe shafin nema a watan Mayun 2024. Kuɗin rajista makaranta ake tura wa kai tsaye, ni kuma a ba ni naira 20,000 a wata na ɗawainiya, babu kuɗin ruwa, kuma biya sai shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Rashin ruwan ne ya sa mahaifina ya amince, bayan ya tambayi malaminsa. Matsalar da na samu daga makarantarmu ce: sun sa wa'adin rufe rajista kafin kuɗin ya iso, dole yayana ya ciyo bashi ya biya, kuma da kuɗin ya iso sai da na yi ta zarya tsakanin ofisoshi kafin a mayar mini. Abin da ke damuna shi ne, wannan tallafi a takarda na ɗalibi ne, amma asusun makaranta yake shiga, nauyin biya kuma yana kaina ko na samu ilimin kirki ko ban samu ba.

Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, Tudun Wada

Ƙanena ya taɓo wurin. An kawo mana injina masu tsada, har yau wasu suna cikin ledarsu, saboda babu wutar da za ta ɗauke su, babu kuma kuɗin sinadarai. Tun da aka ƙara kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, a watan Afrilun 2024, daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane ma'auni, hukumar makarantarmu ta koma raba wuta da awa. Idan masu tantance kwasa-kwasai za su zo, sai a tayar da janareta, a goge ƙura, komai ya yi kyau har su tafi. Ɗalibi yakan gama difloma yana iya zana injin a takarda bai taɓa kunna shi ba.

Malamin jami'a mai ritaya, Zariya

Duk abin da kuka faɗa yana cikin rahoton kwamitin tantance bukatun jami'o'i na 2012, wanda a kansa gwamnati ta yi alkawarin naira tiriliyan 1.3 a 2013, ta saki biliyan 200 na farko, sauran kuma ya zama ɗaya daga cikin dalilan yajin aikin wata takwas na 2022. Na koyar a zamanin da makarantu ba su da yawa amma kowace tana da abin aiki. Yanzu kowane ɗan majalisa yana son a kafa masa jami'a a mazaɓarsa, kuma duk sabuwar da aka buɗe daga tukunya ɗaya za a zuba mata. Shi ya sa na goyi bayan dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na shekara bakwai da aka sanar a watan Agustan 2025, ko da yake na san mutanen Kudancin Kaduna sun daɗe suna jiran irin jami'ar da aka ba su a Kachiya, kuma sun cancanta. Ra'ayina, wanda na san ba zai yi wa wasu daɗi ba, shi ne a haɗe ƙananan kwalejojin da ba su da ɗalibai, a kuma yarda wani kaso na kuɗin gini ya tafi ga wutar sola da gyaran abin da aka riga aka gina.

Malamin kwalejin ilimi

Ranka ya daɗe, na yarda da batun sola, amma haɗe kwalejoji yana da haɗari. Yawancin 'yan matan da nake koyarwa daga gidajen iyayensu ko na mazajensu suke zuwa kullum, kuma ranar da aka mayar da kwas ɗinsu wani gari, ranar karatunsu ya ƙare. Kafin a rufe ko ɗaya, a fara ƙirga su.

Uwar ɗalibai, Rigasa

Ɗana mai rancen nan, ina da tambaya: wadda ta ajiye karatu kamar 'yata, idan makarantar ta yarda ta dawo, za ta iya nema, ko sai sabon shiga?

Ɗalibin ajin ƙarshe

Mama, a ajinmu akwai waɗanda suka nema suna aji uku. Sai dai dole makarantar ta tura sunanta cikin jerin ɗalibanta tukuna, kuma za a nemi lambarta ta JAMB, da NIN, da BVN. Ta fara zuwa ofishin rajista ta ji ko gurbinta yana nan.